Bolum ɗin Akwatin Yaya Namadi

Lahadi, 7 ga Afrilu, 2013, bayan Azahar

Jiya aka yi sunan 'yata a nan gidana a Anka. Kausar. An yanka rago, mutane sun zo, abinci ya wadata. Don ita na sayi littafin nan, in riƙa rubuta abin da za ta karanta in ta girma. Ba na jin zan ba ta shi.

Akwatin jitar Yaya Namadi yana zaure. Amfilifaya ce, amma shi akwati yake cewa, mu ma haka muka taso muna faɗa. Da shi yake kiɗan biki tun ina firamare. Ya taho da shi daga Bukkuyum a bayan kabu-kabu, ya koma babu shi. Jitar kawai ya rataya ya fita, ko abinci bai ci ba.

Abin murɗawa na ƙara sauti ya karye. Masu gyara bolum suke ce masa. Ni na karya shi. Baƙar hularsa ta roba tana aljihuna, da guntun ƙarfen a cikinta.

Sauran ba zan rubuta ba.

Litinin, 8 ga wata, da hantsi

Muna hutun makaranta, don haka ba inda zan je in ɓuya. Na rufe ƙofar zaure na zauna gaban akwatin.

Abubuwan murɗawa uku ne a jere. Ƙarƙashin kowane akwai rubutu da farin fenti: ƘARA, KAURI, SIRIRI. Rubutuna ne, ina aji biyar. Yaya bai yi boko ba, bai iya karanta su ba har yau. Cewa ya yi in rubuta don akwatin ma ya san akwai ɗan boko a gidan. Shi ya sa ranar Asabar ban tsaya neman wanda zan kama ba. Na san shi sarai.

Na sayo gam na liƙa guntun ƙarfen a inda ya ɓalle, na tokare da tsinken ashana. Na bar shi ya sha iska.

Inna tana cikin gida. Ita ta zo yi wa matata Lubabatu wankan jego, tunda mahaifiyar Luba ta rasu. Tun shekaranjiya in na gaishe ta, "lahiya" take cewa, ba ta ƙarawa. Ba ta dube ni ba.

Talata, 9 ga wata, da safe

Gam ɗin bai kama ba.

Laraba, 10 ga wata, bayan La'asar

Na kira Yaya sau huɗu. Tana shiga. Ba ya ɗauka.

Na sa akwatin cikin buhu na kai wa mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Ya zo sunan, yana tabarmar gaba. Ya duba. Ya ce ba liƙi zai yi ba, dole a cire bolum ɗin gaba ɗaya daga ciki a sa wani. Irinsa ya tsufa, babu a Anka. Sai dai in gwada wani Makau mai rediyo a Gummi, shi ke tara tsofaffin kaya.

Gummi garin surukina ne.

Alhamis, 11 ga wata, bayan Magariba

Na shiga ganin jaririya, na fara yi wa Luba bayanin bolum, da yadda ƙarfen ya riga ya ci, da ma kaɗan ya rage ya karye. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Malam, kwana biyar kana zancen bolum. Mu da muke cikin gida ba karyewar bolum muka ji ba."

Na ce me suka ji.

Ta ce, "Kiɗan ya tsaya, ko'ina ya yi tsit. Sai muryarka. Inna tana riƙe da Kausar a lokacin."

To, tunda har cikin gida an ji, bari in rubuta.

Bayan Azahar ne. Mahaifin Luba, Alhaji Shitu, yana zaune ƙofar gida da abokansa daga Gummi, malamai ne yawancinsu. Alhaji bai taɓa ganin Yaya ba. Lokacin aurena na sa rana daidai da Yaya yana Nijar wajen kiɗa, na ce musu yayana fatauci yake yi. Luba ta sani, na roƙe ta ta yi shiru.

Yaya ya iso, ya haɗa akwatin da janareton da muka kunna, ya zauna gefen tabarma, ya fara wata waƙa da ya shirya wa yarinyar. Bai faɗa min zai zo da kaya ba. Kyauta ya yi niyya. Na ga Alhaji ya ɗaure fuska. Na tashi da gudu na kama bolum, na murɗa shi ya kai ƙarshe, ban daina murɗawa ba. Ya ɓalle a hannuna, sautin ya mutu.

Alhaji ya ce, "Wa yak kawo makaɗi?"

Na ce, "Wani maroƙi ne daga Bukkuyum, Alhaji. Ban san wanda ya gayyato shi ba."

Taku biyu ne tsakanina da Yaya.

Juma'a, 12 ga wata

Ban je babban masallaci ba. Na hau kabu-kabu na je wani ƙauye inda ba a san ni ba.

Asabar, 13 ga wata, da hantsi

Na kwance bayan akwatin da sukundireba. Ciki duk gyare-gyare ne, waya a ɗaure da zare, wata da ledar burodi aka naɗe ta. Akwai tsohon gidan zanzaro a lungu. Shekara ashirin da wani abu yana lallaɓa shi.

Bolum ɗin daga ciki kamar murfin kwalba yake, da ƙafa uku, kowace da wayarta. Na kwance goron ƙarfen da ya riƙe shi da filaya, na yanke wayoyin. Sai da na gama na tuna ban yi alamar wace waya ke zuwa wace ƙafa ba.

Babanmu ya rasu ina shekara shida. Wannan akwatin ne ya ciyar da gidanmu, shi ya kai ni kwalejin horon malamai. Na sani. Ranar Asabar ma na sani.

Litinin, 15 ga wata, bayan La'asar

Na je Gummi da bolum ɗin a aljihu. Na sauka kafin tasha, na bi bayan gari don kada in bi ta layin Alhaji.

Makau tsoho ne, siriri, da gilashi ɗaure da waya. Rumfarsa cike take da matattun rediyoyi har rufi. Ya juya bolum ɗin a tafin hannunsa.

Ya ce, "Wanga ba na rediyo ba na. Ina akwatin?"

Na ce yana da nauyi.

Ya ce, "Mi ya karya shi? Wanga ba tsuhwa ba na, hannu na."

Na ce yara ne.

Ya dube ni ta saman gilashi, ya tona cikin wani gwangwani ya ba ni wani ƙarami. Ya ce in gwada, amma bai yi alkawari ba.

Yara. Ban san ya aka yi bakina ya saba haka ba.

Talata, 16 ga wata, da rana

Na sayo dalmar liƙi, na hura gawayi a tsakar gida na sa babbar ƙusa ta yi ja. Luba ta leƙo ta ce in fita da ita bayan gida. Tun shekarun nan da gubar dalma ta ɗebi yara a ƙauyukanmu, babu macen da ke jin sunan dalma ta zauna lafiya. Na kwashe na koma bayan katanga, cikin rana.

Na ƙona babban yatsana sau biyu. Na liƙa wayoyin yadda na ga dama, tunda ban tuna ba.

Babu jita a gidan, sai na kunna janareto na sa wayar jitar, na taɓa bakinta da yatsa kamar yadda Yaya ke yi in zai gwada. Ya yi gurnani. Na ji daɗi kamar minti ɗaya. Da na murɗa in rage, sai ya ƙaru. Da na murɗa in ƙara, sai ya fara tartsatsi kamar ana soya wake. Na kashe.

Inna ta ji gurnanin daga ciki. Luba ta ce ta ajiye ludayin da ke hannunta ta fito har bakin zaure. Ta ɗauka Yaya ne ya dawo.

Laraba, 17 ga wata, bayan Azahar

Habsu matar Yaya ta kira ni. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

Ta ce akwai biki biyu da aka kira shi, ɗaya a Zugu, ya ce musu su nemi wani. Jitar tana rataye a ɗaki ya lulluɓe ta da zane. Kwana shida ke nan yana bin masu haƙar zinare, yana fasa musu dutse a bayan gari.

Na ce ai ina gyaran akwatin, ya kusa.

Ta ce, "Abdussalam, an ba shi aron wani akwati tun rannan. Ya ce ba ya so. Ba rashin akwati ya hana shi ba."

Shekararsa arba'in da bakwai. Bai taɓa riƙe guduma ba.

Alhamis, 18 ga wata, bayan Asuba

Inna ta yi min magana. Ina alwala ta tsaya bayana. Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne.

Ta ce, "Audu, in wani abu yas samu hannun wancan, kada ka zo min gaisuwa."

Ta koma wajen tukunyar ruwan zafi.

Asabar, 20 ga wata, bayan Magariba

Na kai akwatin gaba ɗaya Gummi, cikin buhu. Makau ya buɗe ya ga aikina, ya ce wanda ya yi wannan liƙin kada a bar shi ya taɓa ko tocila. Na ce ni ne. Wannan dai na faɗi gaskiya.

Muna cikin haka inuwa ta rufe bakin rumfar. Alhaji Shitu ne, da rediyonsa a hannu, ya kawo a duba masa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mai jego da jaririya. Sannan ya dubi akwatin.

Ya ce, "Wanga fa?"

Na ce, "Na makaɗin nan ne, Alhaji. Tunda a gidana ya lalace, na ga ya kamata in gyara masa."

Ya miƙa wa Makau rediyon. Ya ce in taso. Muka koma gefe, ƙarƙashin wata bedi.

Ya ce, "Kun yi kama da shi ƙwarai. Goshinku guda. Tun ranar nan kahin in shiga mota na tambaya, aka hwaɗa min."

Ban iya ɗaga kai ba.

Ya ce, "Ni kiɗa ba ni son shi, har gobe. Da ka zo ka ce min, Alhaji yayana na, da sai in ce a yi mai haƙuri ya bari sai mun tahi. Shi ke nan. Kwana goma sha huɗu ina jira ka zo ka hwaɗa da bakinka. Yau ga ka gabana, ka sake."

Na ce ya yi haƙuri.

Ya ce, "Ba ni kay yi ma laihi ba. Abin da ni ka tunani, ɗiyata na hannunka. Mutumin da ya raine ka kac ce ba ka san shi ba don ka ji kunyar baƙi. To ita fa, ran da tab ba ka kunya?"

Ya tafi ya bar rediyon. Da na dawo rumfa Makau yana ta goge wani abu da ba ya buƙatar guga. Ya ce in bar akwatin, in dawo Litinin.

Lahadi, 21 ga wata

Ban fita ba. Ban faɗa wa Luba ba. Ina jin ta sani.

Litinin, 22 ga wata, bayan La'asar

Makau ya samo bolum daga wata tsohuwar amfilifaya da aka jefar. Ya ce lambarsu ɗaya. Ya ɗauki ƙarfen liƙinsa zai fara, na ce ya ba ni in yi da kaina.

Ya ce, "Ni minti biyar za ni yi. Kai sai ka ɓata muna rana."

Na ce na sani.

Ya tura min kujerar. Ya nuna min ƙafar tsakiya, ya ce ita ce mai ɗaukar sauti, na gefe biyun ne na juya wancan karon. Ya ce in fara zafafa ƙafar kafin in kawo dalma, kada in ɗiga ta daga sama kamar mai zuba miya. Na yi ta farko ta yi ƙulli, ya sa na cire. Na uku ya ce, "To, bar ta hakanan, ba ta da kyau amma ta kama."

Hular tsohon bolum ɗin ba ta shiga sabon ƙarfen ba. Ya ciro wata fara daga wani rediyo ya danna. Yanzu biyu baƙaƙe, ɗaya fara. Duk wanda ya duba zai san an taɓa wurin.

Muka gwada da yatsa. Ya yi gurnani, ya ƙaru ta dama, ya ragu ta hagu.

Daga nan na ɗauki akwatin a kafaɗa, ba buhu, na bi ta layin Alhaji. Yana ƙofar gida da mutum uku, biyu sun zo sunan. Na gaishe su, na ajiye akwatin, na ce wanda ya yi kiɗa ranar sunan Namadi ne, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya raine ni, kuma ƙarya na yi.

Ɗaya daga cikinsu ya yi salati a hankali. Alhaji ya ce, "Mun ji. Motar Bukkuyum da sahe ta ka tashi."

Laraba, 24 ga wata, bayan Magariba

Na je. Habsu ta ce Yaya yana wajen dutse, ta haɗa ni da ɗan kabu-kabun da ya san wurin. Na ɗora akwatin a cinya.

Fili ne ba inuwa, da injin niƙa yana ta ƙara, da tarin duwatsu. Mutane kamar talatin, daga garuruwa daban-daban, kowa fari fat da ƙura. Sai da na wuce shi na dawo. Yana zaune a ƙasa da guduma. Yatsu biyu na hannun hagu a naɗe da tsumma. Hannun da yake danna tsirkiya da shi.

Na ajiye akwatin gabansa na durƙusa. Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Malam. Sannu da rana."

Bai taɓa ce min Malam ba.

Na shirya maganar tun a mota. Na juya wajen waɗanda ke kusa, na ɗaga murya na ce wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya ce, "Sun sani. Ba su na ba su sani ba."

Wani ya yi dariya kaɗan, ya bari.

Na ce na je Gummi na faɗa wa Alhaji gaban mutane. Na ce ya yafe min. Ya goge hannun dama a rigarsa, ya kama farar hular ya murɗa hagu, ya murɗa dama.

Ya ce, "Ya yi tauri."

Na ce Makau ya ce zai saki.

Ya ce, "Ɗauke shi daga ƙurar ga. Kai ma Habsu."

Na tambayi yatsun. Ya ce guduma ce, ba su karye ba, farce ɗaya ya fita. Ya ɗauki gudumar ya ci gaba. Na tsaya har na ga tsayuwar ba ta da amfani.

Alhamis, 25 ga wata, da safe

Inna ta tambaye ni hannun. Na faɗa mata yadda na gani, ban rage ba. Da rana ita ta kawo min tuwo da kanta, ta ajiye ta fita.

Lahadi, 28 ga wata

Shiru.

Talata, 30 ga wata, bayan Azahar

An koma makaranta. A ɗakin malamai da na shiga aka canza zance. Na zauna na gyara jadawalin da ba ya buƙatar gyara.

Na kira Yaya. Ba ya ɗauka.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan La'asar

Na dawo daga masallaci na tarar da takalman Yaya a bakin zaure.

Ba jita, ba akwati. Luba ta ce da ya iso ta miƙa masa Kausar, ya ja da baya, ya ce ƙurar wajen dutsen nan ba ta jarirai ba ce. Sai da ya yi wanka da sabulu, ya sa rigata, sannan ya karɓe ta. Ashe ranar sunan bai kai ga ganinta ba.

Na same shi a tabarma da ita a hannun dama. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, tana satar kallonsa. Na gaishe shi na zauna nesa kaɗan. Rigata ta yi masa gajarta a hannu.

Ya ce, "Wa yay yi dalmar nan?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Na gani."

Na ce ya gwada ke nan.

Ya ce jiya ya jona, da yatsu biyu dai. In bolum ya wuce rabi akwai wata 'yar ƙara da ke shigowa ƙarƙashin sautin, kamar sauro. Wani ba zai ji ba, shi yana ji. Ya ce ƙafa ɗaya ce ba ta kama da kyau ba.

Na ce zan karɓo in mayar wa Makau ya sake.

Ya gyara wa Kausar hularta da gefen hannu. Ya ce, "Makau ya karya shi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To. Asabar mai zuwa ina gida."

Na raka shi tasha. A hanya na tambaye shi ko zai koma wajen dutse, ya ce sai yatsun sun warke zai san abin da suka iya. Ban sake roƙonsa ya yafe ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Da motar ta cika ya leƙo ta taga ya ce in taho da dalmar da gawayina, nasu ya ƙare.